Karatun Log na Rijiyar Mai da Gas: Nemo Ruwa Kafin Ka Nemi Mai

Babu wata na'ura da ake zurawa cikin rijiya da take ganin mai ido da ido. Abin da na'urorin ke aunawa halayen dutsen da ke kewaye da ramin ne: yawan hasken gama da yake fitarwa, nauyinsa, yawan haidirojin da ke cikinsa, lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ratsa shi, da yadda yake turje wa wutar lantarki. Kowane awo ana zana shi layi guda daura da zurfi, wannan zanen shi ne log. Na farko an yi shi ne ranar 5 ga Satumba 1927 a wata rijiya a Pechelbronn ta ƙasar Faransa, a ƙarƙashin kamfanin 'yan'uwan nan Conrad da Marcel Schlumberger, kuma turjiyar lantarki aka auna. Har yau ita ce ginshiƙin aikin, domin mai da gas da busasshen dutse ba sa ɗaukar lantarki, ruwan gishirin da ke cikin kafofin dutsen ne ke ɗauka. Ke nan mai karanta log ruwa yake aunawa, abin da ya rage a kafofin bayan an cire kason ruwan shi ake kira mai ko gas. Wanda bai san ruwan rijiyarsa ba, duk lissafin da zai biyo baya kame-kame ne.

Kan takarda da lafiyar ramin

Yawanci bayanan za su zo maka a fayil na LAS, tsarin da ƙungiyar masu awon rijiya ta Kanada ta fito da shi. Rubutu ne zalla, don haka buɗe shi ka karanta da idonka kafin ka loda shi a manhaja. Duba lambar da aka sa a wuraren da babu awo, galibi −999.25 ce. In manhajar ba ta gane ta ba, za ta cusa ta cikin matsakaici, ka ga nauyin dutse ya fito ƙasa da sifili. Duba ko zurfin a mita yake ko a ƙafa, ko niyutiron, wato awon haidirojin, an rubuta shi 23 ko 0.23. Duba kuma daga ina aka fara ƙirga zurfin, domin daga dandamalin haƙa ake farawa, ba daga doron ƙasa ko saman teku ba, kuma tsawon rami ake aunawa, ba zurfin tsaye ba.

Daga kan takardar kwafo waɗannan a gefe: faɗin bakin haƙa, irin taɓon haƙa, wato lakar da ake zagayawa cikin rami lokacin haƙa (na ruwa ne ko na mai), nauyinsa, ko an zuba masa barait mai ƙara nauyi ko gishirin fotasiyam, turjiyar tataccen ruwan taɓon wato Rmf tare da zafin da aka auna ta a kai, sai zafin ƙasan rijiya da awowin da suka wuce tun da aka daina zagaya taɓo. Zafin da aka rubuta kullum bai kai na gaskiya ba, saboda taɓon ya sanyaya dutsen. In an sauke na'ura sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, zanen Horner zai ba ka zafin da ya fi kusa da gaskiya.

Layin farko da za ka kalla shi ne kalifa, ma'aunin faɗin rami. Ɗora shi a kan faɗin bakin haƙa. Inda kalifa ta ragu kaɗan, kamar a ramin inci 8.5 ka ga 8 ko 8.2, ɓawon taɓo ne ya taru a bango, kuma wannan albishir ne, domin ɓawon ba ya taruwa sai a dutsen da ya tsotsi ruwan taɓon. Inda ta haura zuwa inci 11 ko 12, ramin ya zaizaye. Na'urar nauyi tafi gare ta da take mannawa a bango. In bangon ya zama kwazazzabai, tafin ba ya zama daidai, sai ta auna taɓo a madadin dutse, nauyi ya faɗi, kafofi su fito da yawan da babu su. Layin gyaran nauyi na DRHO zai tona asirin: in ya wuce 0.05 g/cc yi taka-tsantsan, in ya wuce 0.15 ajiye wannan awon ka koma ga sonik, wato awon sauti.

Sauran bincike ba ya cin lokaci. Maimaicin awon da ake yi a ƙasan rijiya ya hau daidai kan babban awon? Sonik ya karanta mikrosakan 57 a ƙafa a cikin bututun ƙarfe? In akwai dutsen anhaidirait mai kauri, nauyi ya nuna kusan 2.98, sonik kuma 50? Inda layin jan igiya ya yi tsalle, na'urar ta maƙale ne igiya ta miƙe, za ka ga layukan sun tsaya cak sannan sun zabura, kuma kaurin duwatsun da ke wurin ba abin yarda ba ne. Daga ƙarshe daidaita zurfin dukkan saukowa da layin gama guda. Bambancin rabin mita tsakanin nauyi da turjiya ya isa ya ƙirƙiro maka man ƙarya a bakin kowane shimfiɗin yashi.

Raba yashi da shel

Shel, wato dutsen laka, yana ɗauke da fotasiyam da toriyam da yuraniyam fiye da tsabtataccen yashi ko dutsen farar ƙasa, shi ya sa layin gama, wato GR, ke haurawa a kansa. Ana auna shi da ma'aunin API, wanda asalinsa wani ramin gwaji ne a Jami'ar Houston. Ja layi biyu: na tsabtataccen dutse da na shel. Kada ka ɗauki mafi ƙanƙanta da mafi girman lamba a duk rijiyar, ɗauki inda awon ya fi taruwa, kuma sake jan layukan ga kowane rukunin dutse, domin shel na sama da na ƙasa ba lalle su zo ɗaya ba.

A ce layin yashi 25 ne, na shel 125, wurin da kake dubawa kuma 45. Ma'aunin zai zama (45 − 25) ÷ (125 − 25) = 0.20. Wannan shi ne iyakar sama ta yawan shel. Lissafin Larionov na 1969 yana rage shi: ga sabon dutsen da bai gama daskarewa ba, 0.083 × (2^(3.7 × 0.20) − 1) yana ba da 0.06, ga tsohon dutse kuma 0.33 × (2^(2 × 0.20) − 1) yana ba da kusan 0.11. Lamba uku daga awo ɗaya. Zaɓin da ya dace sai an gwada shi da sandar dutsen da aka yanko daga rijiyar, in akwai.

GR yana yaudara ta hanyoyi sanannu. Yashi mai felsfa ko maika ko gulokonait yana karanta sama alhali ba shi da laka, kuma an sha tsallake matattara mai kyau, wato dutsen da mai ko gas ke taruwa a ciki, saboda haka. Dutsen farar ƙasa mai yuraniyam ma haka. Taɓo mai gishirin fotasiyam yana ɗaga layin gaba ɗaya, barait kuma yana danne shi. In akwai gama mai rarrabe sinadarai uku, yi aiki da layin da aka cire wa yuraniyam. In babu, tazarar da ke tsakanin niyutiron da nauyi za ta zama shaidarka ta biyu.

Kafofi nawa ne a dutsen

Yawan kafofi, wanda masu aikin ke kira forositi, an fi dogara da layin nauyi, RHOB, wajen fitar da shi. Na'urar tana harba hasken gama daga siziyam-137, ta ƙirga abin da ya dawo. Lissafin shi ne: nauyin ƙwayar dutse a cire awon log, a raba da nauyin ƙwayar dutse a cire nauyin ruwan da ke kafofi. Ƙwayar yashi 2.65 ce, kalsait 2.71, dolomait 2.87. Tataccen ruwan taɓo mara gishiri 1.0, mai gishiri sosai 1.1. In log ya nuna 2.27 a yashi: (2.65 − 2.27) ÷ (2.65 − 1.0) = 0.23. Da ka yi kuskure ka sa 2.71, da 0.26 za ka samu. Kashi uku cikin ɗari ba wasa ba ne, domin nan gaba za a ninka lambar da kanta.

To ta yaya za ka san irin dutsen? Layin PEF, awon yadda dutse ke shanye hasken gama, yana taimakawa: yashi 1.8, dolomait 3.1, kalsait 5.1. Amma barait 267 yake karantawa, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa a ɓawon taɓo ya isa ya lalata layin. Abin da ya fi aminci shi ne ɗora niyutiron a kan nauyi a ma'aunin da ya dace da juna: nauyi daga 1.95 zuwa 2.95, niyutiron daga 45 zuwa −15, a ma'aunin dutsen farar ƙasa. A wannan shimfiɗar, tsabtataccen dutsen farar ƙasa mai ruwa zai sa layukan biyu su hau kan juna. A shel niyutiron zai fice hagu da nisa, saboda haidirojin ɗin ruwan da ke manne da yumɓu. A dolomait ma zai fice hagu, amma GR na ƙasa. A tsabtataccen yashi mai ruwa ko mai, layukan za su gitta kaɗan, nauyi a hagu, niyutiron a dama, tazarar kashi 6 zuwa 8.

A nan ne sababbin hannu ke faɗawa rami. Sun ji an ce gittawa alamar gas ce, sai su shafa wa duk yashin rijiyar jan launi. Gittawar gas ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba, kuma layukan biyu suna gudun juna kamar mutum da hotonsa a madubi: gas ba shi da nauyi, sai nauyi ya faɗi, ba shi da haidirojin mai yawa, sai niyutiron ma ya faɗi. A irin wannan wurin babu layin da ya faɗi gaskiya shi kaɗai. Mayar da duka biyun ma'aunin yashi, ninka kowanne da kansa, ɗauki matsakaicinsu, ka fitar da saiwa. In nauyi ya ba da 0.29, niyutiron 0.14, amsar 0.23 ce. Ka kuma tuna laka tana ɗaga niyutiron, don haka yashi mai laka yana iya ɗauke da gas ba tare da gittawa ta bayyana ba.

Sonik shi ne mafaka in rami ya lalace. Lissafin Wyllie na 1956 yana amfani da lokacin sauti a mikrosakan a ƙafa: 55.5 ga yashi, 47.5 ga dutsen farar ƙasa, 43.5 ga dolomait, 189 ga ruwa. A yashin da bai daskare ba yana ba da kafofi fiye da gaskiya, alamar kuwa ita ce shel na kusa ya wuce 100, sai a raba amsar da wannan lambar bisa ɗari. A dutsen farar ƙasa sauti yana kauce wa manyan koguna da tsagogi, saboda haka in kafofin nauyi da niyutiron sun fi na sonik, bambancin yana nuna akwai su.

Abu ɗaya ka yanke tun yanzu ka rubuta: jimillar kafofi kake aiki da ita, ko kafofi masu amfani bayan an cire ruwan yumɓu? Gauraya su a lissafi ɗaya na daga cikin kurakuran da suka fi wuyar ganowa daga baya.

Wace turjiya ce ta gaskiya

Lokacin haƙa, ruwan taɓo yana kutsawa cikin dutse ya ture abin da ya tarar. Shi ya sa ake auna turjiya a nisa daban-daban: ta bakin bango, Rxo, ta tsakiya, da ta can ciki, wadda ita ce mafi kusa da Rt, turjiyar dutsen da kutse bai taɓa ba. Ana zana su a ma'aunin logaridim, galibi 0.2 zuwa 2000 om-mita. Rabuwar layukan alama ce ta dutse mai ratsuwa. In sun manne da juna, ko dai shel ne, ko dutsen ya toshe, ko kuma ruwan taɓon da na ƙasa gishirinsu ɗaya.

Na'urar indokshan, wadda Henri Doll ya gabatar a 1949, ta fi dacewa da taɓon mai ko taɓon ruwa mara gishiri, kuma tana rasa daidaito in turjiya ta haura ɗari da wani abu. Latarolog ya fi dacewa da taɓo mai gishiri da dutse mai turjiya sosai, ba ya kuma aiki a taɓon mai. A shimfiɗin da bai kai mita ɗaya ba, tsofaffin na'urorin indokshan ba sa kaiwa ga cikakken awo, shel na sama da ƙasa yana janyo shi. A rijiya mai karkata sosai kuma, awon da ake yi lokacin haƙa yana fitar da ƙahoni a bakin shimfiɗa, kada ka ɗauke su mai.

Rw, inda aikin yake

Yanzu sauka ƙasan matattarar ka nemo tsabtataccen yashi mai kauri, mai kafofi sosai, wanda turjiyarsa ta faɗi ƙasa ta kwanta. Wannan shi ne yankin ruwa, shi ne kuma alƙalin duk abin da ke samansa. A misalinmu, a ce yana da kafofi 0.23, turjiya 0.95. Ninka kafofin da kansu, ka ninka da turjiyar: 0.23 × 0.23 × 0.95 = 0.05 om-mita. Yi wannan lissafin a duk tsawon rijiyar ka zana shi layi, shi ake kira Rwa. Mafi ƙanƙantar darajar da take maimaituwa a tsabtataccen dutse ita ce Rw, turjiyar ruwan ƙasa. Inda Rwa ya ninka ta sau uku ko fiye, wurin ya cancanci a tsaya a kansa.

Kada ka tsaya ga shaida ɗaya. In an ɗebo ruwan ƙasa na gaskiya an auna a ɗakin gwaji, shi ne gaba da komai, muddin bai gauraya da ruwan taɓo ba. Sai dai an auna shi ne a zafin ɗaki, kuma ruwan gishiri yana ƙara ɗaukar lantarki in ya yi zafi. Lissafin Arps ne ke gyara wannan: R2 = R1 × (T1 + 21.5) ÷ (T2 + 21.5) a ma'aunin Salshiyos, ko 6.77 a madadin 21.5 in Faranhait ne. Ruwan da ya karanta 0.12 a digiri 25 zai zama 0.05 a digiri 90. Haka Rmf na 0.50 zai koma 0.21.

Shaida ta uku layin SP ne, lantarkin da ke tasowa da kansa tsakanin taɓo da ruwan ƙasa, in taɓon na ruwa ne. Auna nisan da ya karkata daga layin shel a tsabtataccen yashi mai kauri, shi ne SSP. Alaƙar ita ce SSP = −K × log(Rmf ÷ Rw), inda K = 65 + 0.24 × zafi a Salshiyos. A digiri 90, K ya zama 86.6. Karkatar milibolt −54 tana nufin Rmf ya ninka Rw sau 4.2, wato 0.21 ÷ 4.2 = 0.05, kafin ƙananan gyare-gyaren jadawali. Laka da sirantar shimfiɗa da mai duk suna rage karkatar, don haka Rw na SP yakan fito sama da gaskiya.

Ta huɗu zanen Pickett: kafofi a tsaye, Rt a kwance, duka a logaridim. Ɗigogin ruwa za su jeru a layi ɗaya a gefen ƙarancin turjiya. Karkatar layin tana ba da m, inda ya yanki kafofi 100 cikin ɗari kuma yana ba da a × Rw; a da m lambobi ne na lissafin Archie da ke tafe. Amma sai kafofin yankin ruwan sun bambanta sosai zanen ke da amfani. In duk ɗigogin sun taru tsakanin 0.21 da 0.24, kowane layi ka ja zai ratsa su.

In shaidun sun saɓa, ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa yankin da ka ɗauka na ruwa yana da ragowar mai, ko gishirin ruwan yana canzawa da zurfi, ko an taɓa tura ruwa cikin matattarar daga wata rijiya. Kada ka ɗauko Rw daga wani rukunin dutse da ke da ɗaruruwan mitoci a sama don kawai ya fi tsabta.

Archie, da inda yake ƙarewa

A 1942 Gus Archie na kamfanin Shell ya wallafa alaƙar da har yau ake aiki da ita: Sw^n = (a × Rw) ÷ (kafofi^m × Rt). Sw kason ruwa ne a cikin kafofi, a da m da n kuma lambobi ne da suka dogara da irin dutsen. In babu awon ɗakin gwaji, ana farawa da a = 1, m = 2, n = 2. Ga yashi wasu na amfani da a = 0.62 da m = 2.15, ko a = 0.81 da m = 2. A saman matattararmu Rt 20 ne, kafofi 0.23: 0.05 ÷ (0.0529 × 20) = 0.047, saiwarsa 0.22. Kashi 22 ruwa, 78 mai.

Ga amfanin ɗauko Rw daga yankin ruwa na dutse ɗaya. A ce m na gaskiya 1.8 ne ba 2 ba. Rw ɗin da za ka fitar zai canza zuwa 0.067, amma in ka mayar da shi cikin Archie da wannan m ɗin, Sw zai sake fitowa 0.22. Kuskuren ya cinye kansa, domin in kafofi ɗaya ne, lissafin duka ya koma saiwar 0.95 ÷ 20. Daga nan ne ƙa'idar kallo ɗaya ta fito: turjiyar da ta ninka ta yankin ruwa sau huɗu tana nufin rabin kafofi ruwa ne. Shi kuwa wanda ya ɗauki 0.12 na ɗakin gwaji ya manta da gyaran zafi, Sw zai fito masa 0.34. Gwajin da ba a tsallakewa shi ne a gudanar da lissafin a yankin ruwa. In bai ba da kusan 1.0 ba, kada ka yarda da abin da ya faɗa a sama.

Turjiya mai yawa ba kullum take nufin mai ba. Dutsen da siminti ya toshe kafofinsa, da anhaidirait, da gishirin dutse, da kwal, da yashi mai ruwan daɗi, duk suna haurawa. Wanda bai kalli kafofi ba zai yi wa rogo kallon kitse. Kwal tana da sauƙin ganewa: nauyi ƙasa da 1.8, niyutiron sama sosai, GR yawanci ƙasa.

Akasin haka ya fi tsada, wato mai da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙaramar turjiya. Archie ya ginu ne kan cewa ruwa kaɗai ke ɗaukar lantarki, alhali yumɓu ma yana ɗauka, ma'adinin fairait ma haka. Ɗauki shimfiɗu sirara masu kaurin yatsa, rabi yashi mai mai na om-mita 20, rabi shel na om-mita 1. Lantarki yana bin hanya mafi sauƙi, sai na'urar ta karanta 1 ÷ (0.5 ÷ 20 + 0.5 ÷ 1) = 1.9. Duk wanda ya ga 1.9 zai ce ruwa ne ya wuce. Alamun da za su tsayar da kai su ne GR mai tsaka-tsaki da ya ƙi sauka, gas a rahoton taɓo, ƙyallin mai a ɓarɓashin haƙa ƙarƙashin fitilar ultarabayolet, da hoton bangon rami mai zane-zane. Hanyar Thomas da Stieber ta 1975 tana rarrabe ko lakar shimfiɗe take ko warwatse cikin kafofi, kuma wannan ne zai nuna maka lissafin da za ka ɗauka. Ga laka warwatsattsiya akwai Simandoux na 1963, da Waxman da Smits na 1968 wanda ke buƙatar awon yumɓu daga sandar dutse, da lissafin Indunusiya na Poupon da Leveaux na 1971, wanda aka tsara don yashi mai laka da yawa da ruwa mai ƙarancin gishiri. In laka ba ta kai kashi 10 ba kuma ruwan na da gishiri sosai, Archie ya wadatar, sauran wahalar da kai ne.

Zai fito kuwa, kuma nawa ne

Ninka kafofi da Sw: 0.23 × 0.22 = 0.05. In wannan lambar ta tsaya kusan wuri ɗaya duk da kafofi na hawa da sauka, ruwan da ya rage manne yake da ƙwayoyin dutse, rijiyar za ta ba da mai ba ruwa. In tana ƙaruwa kana sauka, ka shiga yankin gauraye. Yashi mai laushin ƙwaya yana iya riƙe ruwa kashi 50 ya kuma ba da mai zalla.

Sauƙin ratsawa ba a auna shi kai tsaye da waɗannan na'urori. Lissafin Timur na 1968, 8581 × kafofi^4.4 ÷ Sw², yana ba mu kusan milidarsi 275 a nan, amma yana aiki ne kawai inda ruwan mannanne ne, kuma kuskuren ninki biyu ko uku ba abin mamaki ba ne sai an daidaita shi da sandar dutse. In za ka gwada log da sandar, fara daidaita zurfinsu ta hanyar gama, domin zurfin mai haƙa da na igiya sukan saɓa da mita ɗaya ko fiye, sannan ka rage kafofin ɗakin gwaji zuwa matsin ƙasa.

Awon matsi a zurfi daban-daban shi ne ke raba gardama kan irin abin da ke kafofi. Zana matsi daura da zurfin tsaye. Ruwa yana ƙaruwa da psi 0.433 zuwa wajen 0.47 a kowace ƙafa gwargwadon gishirinsa, mai wajen 0.3 zuwa 0.38, gas galibi kusa da 0.1 ko ƙasa. Inda layin mai ya haɗu da na ruwa nan ne matakin ruwa sake, kuma yakan kasance ƙasa kaɗan da iyakar mai da ruwa da log ya nuna. A dutse mai matsattsun kafofi tazarar tana iya kai mitoci da yawa.

Iyakokin tacewa, kamar laka ƙasa da 0.4, kafofi sama da 0.10, Sw ƙasa da 0.6, mafari ne kawai da ake yawan gani. Na gas sun fi na mai sassauci, kuma kowace matattara da nata. Bayan tacewa, mayar da kaurin zuwa tsaye: mita 30 a ramin da ya karkata digiri 53 cikin shimfiɗa kwantacciya mita 18 ne kacal. Matsakaicin kafofi a auna shi da kauri, na Sw kuma da kauri da kafofi tare.

A ce faɗin matattarar murabba'in kilomita 2 ne, kaurin mita 18 ko'ina, man kuma yana raguwa da ninkin 1.25 in ya iso sama. Lissafin: 2,000,000 × 18 × 0.23 × 0.78 ÷ 1.25, wato mita kubik miliyan 5.17, a ninka da 6.29, ganga miliyan 32.5 a cikin ƙasa. Da Sw na 0.34 ɗin nan aka yi aiki, da ganga miliyan 27.5 aka rubuta. Wannan adadin na abin da ke kwance ne. Kason da za a iya fitarwa sai an buɗe rijiyar an gwada gudunta, an ga yadda matsi ke faɗuwa da yadda yake farfaɗowa bayan an rufe ta.